Darasi Na Goma Sha Biyu: Rumfar Mai Caji

A da, in baƙo ya sauka a Zandam yana neman labarin gari, teburin mai shayi ake nuna masa, ko bakin tukubar mai tsire. Yanzu an samu wuri na uku, wato rumfar mai caji. Kun san ta. Allon katako ne da aka jera wa soket bila adadin, wayoyin caji sun sarƙe kamar yaɗon kabewa, a bayan rumfar ƙaramin inji yana ta kuka, ko kuwa faifan sola a kan rufi yana shan rana. Kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba, an ba mai ita irinta ya riƙe. Yaron da ke tsaron wurin yakan haɗa sana'a uku ko huɗu: yana caji, yana sayar da kati da data, yana tura fim da waƙa da wa'azi a memori, wani lokaci ma ga na'urar POS a gefensa. Haka abin yake a Sara da Kila da Basirka, da cikin Gwaram, da Birnin Kudu.

A wannan darasi za mu duba abin da muke kai wa rumfar nan kullum mu ajiye mu tafi, mu ga me ke cikinsa, nawa yake ci mana, kuma wa ke riƙe da mabuɗinsa.

Abubuwan da waya ta haɗiye

Nishaɗi ya riga lantarki zuwa ƙasar nan. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu na mutanen da, akwai kuma duwatsun da in an buga su da ɗan dutse sukan yi amo kamar ƙararrawa. Masu binciken tarihi sun rubuta labarinsu a shekarun 1950. Kakanninmu sun yi dandali da farin wata, sun yi tatsuniya a tsakar gida, sun yi tashe da azumi, sun kalli dambe da kokawa bayan kaka. Duk waɗannan sai an taru ake yin su. Ba mai yin gaɗa shi kaɗai.

Sai majigi ya zo a zamanin Turawa. Mota ce ke shigowa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga da gyaɗa da tsaftar gida. Dattawanmu ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba. Bayan majigi rediyo ta shiga gidaje. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da zaɓi-sonka, inda mutum zai aika kati a gaishe masa da 'yan'uwa da abokai har ya ji sunan ƙauyensu a iska. Makiyayi yana bayan shanu da rediyo rataye a kafaɗa, manomi yana huɗa ita kuma tana gindin bishiya. Daga nan rakoda da kaset suka kawo Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, da tafsirin malamai, cikin ɗaki. Wanda ya tafi ci-rani Ikko kuma bai iya rubutu ba, yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kawo gida, a taru a saurara. Ku riƙe wannan, don saƙon muryar da kuke aikawa yau a WhatsApp jikan kaset ɗin nan ne.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo. Gidan da ke da bidiyo da inji ya zama silima, yara suna leƙe ta taga. Kaset ya koma faifan sidi, faifai ya koma memori, wanda bai kai farcen babban yatsa ba amma yana ɗauke fina-finan da da sai an cika kwali.

To duk wannan jerin, rediyo da rakoda da bidiyo da tocila da agogo da wasiƙa da kyamara, yanzu suna cikin abu ɗaya da ke aljihunku. Na ƙarshe da ya shiga, wanda kuma ya fi duka nauyi, shi ne lalitar kuɗi.

Yadda ta iso

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991. A lokacin, wayar tarho sai a manyan ofisoshi da gidajen ƙalilan a birane, kuma ta NITEL ce mai igiya. Mutumin Zandam in zai isar da labarin haihuwa ko rasuwa zuwa Kano, sai dai ɗan aike ko sanarwar rediyo. A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet, wanda ya zama Airtel daga baya, da MTN suka fara aikin wayar salula a Najeriya. Layi kaɗai a lokacin dubban nairori ne, kira kuma naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Da Glo ya shigo a 2003 ya fara cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sai sauran suka bi. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Sabis bai iso karkara rana ɗaya ba. Da yawanku kun tuna lokacin da ake hawa tudu ko bishiya ana ɗaga waya sama ana neman sanda ɗaya.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu yau, Tecno da Itel da Infinix, duk na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Ya yi nasara ne don ya lura da buƙatarmu: gurbin layi biyu saboda sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa, batir mai jimiri saboda rashin wuta, sifika mai ƙara saboda sauraron rediyo a gona. Akasarin kayan daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suke gangarowa zuwa shagunan Birnin Kudu da Dutse, sannan su iso kasuwannin ƙauye.

Ina kuɗin yake tafiya?

Sayen waya sau ɗaya ne, ciyar da ita kullum ne. Abincinta uku: caji, kati, data.

Caji shi ne wuta. Kamfanin KEDCO ke raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, amma kowa ya san inda layin wuta bai kai ba da inda ya kai yake barci. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu caji da yawa suka koma sola, don rana kam ba a saye. Abu ɗaya da ya kamata ku sani game da batir: zafi ne babban maƙiyinsa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, kada a bar waya a kan kujerar babur ko kan kwanon rufi, kada a sa ta ƙarƙashin matashi tana caji. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take, don yana iya kamawa da wuta, kuma ba abin ba yara su yi wasa ba ne.

Kati kuɗin kira ne. Data kuwa ita ce ta fi rikita mutane, don ba a ganin ta tana ƙarewa. Ku ɗauke ta kamar hatsi a rumbu. Mudunta shi ne MB, buhunta shi ne GB, kuma GB ɗaya kimanin MB 1,000 ne. Rubutaccen saƙo bai kai ƙwayar gero ba. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai MB ɗaya ba. Hoto ya fi murya ci. Bidiyo kuwa shi ne gara. Kallon awa ɗaya a YouTube, in an sa hoton a kan 360, yana cin kimanin MB 300, in aka ɗaga shi zuwa 720 yakan kai GB ɗaya ko fiye. Fim ɗin bai canza ba, labarin bai canza ba, amma kuɗin ya ninka sau uku. Waɗannan lambobi suna nan a cikin saitin bidiyon, wanda ya iya karanta lamba shi zai zaɓa wa kansa.

Akwai kuma ɓerayen rumbu. WhatsApp yakan sauke duk hoton da aka turo a zaure, wani lokaci har da bidiyo, ko ba ku buɗe ba, sai in kun hana shi a saiti. Manhajoji sukan sabunta kansu da dare. Wani lokaci saƙo ya faɗo a fuskar waya, mutum bai karanta ba ya danna don ya kau da shi, ashe ya amince ne a riƙa cire masa kuɗin waƙar kira ko na labarin ƙwallo duk mako. Sai ka ji ana cewa waya tana shan kati. Ba ta sha ba, an tambaye ka ne cikin rubutu ka ce to.

Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya a kowane layi. Ana duba kuɗi da *310#, ana sa kati da *311#, ana sayen data da *312#, ana duba ragowar data da *323#. In saƙonnin talla sun dame ku, a rubuta STOP a aika wa 2442. In kun kai ƙara wurin kamfani bai saurare ku ba, lambar hukumar ita ce 622, kuma kyauta ce. Ku kwafe waɗannan a bangon littafinku na ciki. Game da rancen kati kuwa, ku lura cewa ana zare wani kaso tun kafin ya shigo, amma cikakke za a cire ranar biya.

Fim a memori

Kallon da ake yi a garuruwanmu, mafi yawansa ba ta intanet yake zuwa kai tsaye ba. Mutum ɗaya ne ke saukewa, sauran su karɓa a wurin mai turawa da 'yan kuɗi kaɗan, ko a hannun aboki ta Xender ko Bluetooth. Ta haka Indiya-Hausa da waƙoƙin biki da karatun malamai suke zagaya gari. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirinta Daɗin Kowa ya saba wa mutane da fim mai dogon zango, sannan a 2020 Labarina da Izzar So suka sa ana jiran fitowar kashi na gaba kamar ranar kasuwa.

A nan ina da magana, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Lokacin faifai, ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai yana sayen fim a hannun mai shi, kuɗi yana komawa ga waɗanda suka yi wahala. Da tura-tura ta yawaita, kasuwar faifai ta mutu, shi ya sa masu shirya fim suka koma YouTube, inda ake biyan su gwargwadon yawan masu kallo da tallan da aka gani. Fim ɗin da aka kalla a memori sau dubu, ko kwabo bai kai wa mai shi ba. Ban ce mai turawa ya bar sana'arsa ba, na san da ita yake ci, kuma na san tsadar data, balle da aka yarda kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Amma wanda yake cewa fina-finan yanzu ba su kai na da ba, ya tambayi kansa rabon da ya biya mai fim.

Gidan kallon ƙwallo shi ne ya rage mana daga taron da. Can ne har yanzu ake zama a benci ɗaya, a yi ihu tare, ɗan Arsenal da ɗan Chelsea su yi musu su fito su sha shayi. Kallon waya kuwa na mutum ɗaya ne. Shi ya sa uwa ba ta san abin da ɗanta ke kallo a lungu ba, ba kamar lokacin bidiyon tsakar gida ba da kowa ke gani. In za ku ba mai turawa memori, ku faɗa masa abin da kuke so da suna, kada ku ce "cika min". Wayar da yara ke ɗauka kuma a riƙa buɗe ta ana dubawa.

Wa ke karanta muku saƙo?

Nan ne zuciyar darasin. A farkon 2023, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Manomin da bai taɓa shiga banki ba ya sayar da riɗi ko akuya a kasuwar Sara aka ce masa sai dai tiransifa. Da yawa a lokacin suka buɗe asusu, wasu a banki, wasu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Tun daga nan waya ta zama lalita. Amma lalitar da, a ƙugu take, mai ita kaɗai ke kwancewa. Wannan kuwa da rubutu ake buɗe ta.

Ku saurari wannan hira, irinta na faruwa kullum.

"Ɗan nan, duba min, an ce kuɗin wakena sun shigo."

"To Baba, kawo. E, sun shigo. Nawa za a cire?"

"Cire dubu goma."

"Baba, faɗo lambar sirrin."

Sai Baba ya faɗe ta da ƙarfi, a gaban mutum bakwai, sannan ya bar wayar a wurin tana caji har magariba. Yawancin yaran nan masu amana ne, 'ya'yanmu ne, mun san iyayensu. Amma Baba bai san nawa ya shigo ba, bai san nawa ya rage ba, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya ji lambar. Lamba huɗu ce kawai. Wanda ya zo aji ya koyi 0 zuwa 9 ya iya danna ta da yatsansa, yana kare ta da ɗaya hannun. Kada ta zama 1234, kada ta zama shekarar haihuwa, kada a rubuta ta a bayan katin ATM.

Sai masu kira. Murya mai ladabi, Hausa tsantsa: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka yau in ba a gyara BVN ba. Yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo, karanto min." Wani ya ce tallafin gwamnati ne ya fito, ko taki, ko kujerar Makka. Lambobin nan da ke shigowa mabuɗi ne na amfani sau ɗaya, kuma a jikin saƙon ma akan rubuta cewa kada a faɗa wa kowa. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko waɗannan lambobi. Wanda ya nema, a kashe wayar. Alamar ɗan damfara ita ce gaggawa, ba ya so ka samu sararin tambayar wani.

Haka alat. Saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo ana iya ƙirƙirarsa, hoton rasit ma haka. Kafin ku saki kaya, ku duba ragowar kuɗin da ke asusunku da kanku, ku ga ya ƙaru.

BVN, wadda aka fara a 2014, da NIN, wadda aka wajabta haɗa ta da layi tun Disamba 2020, lambobi goma sha ɗaya-ɗaya ne, kuma su ne sunanku a wurin banki da hukuma. Kada ku sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, kada ku yi wa wani rajista da sunanku, don duk abin da aka aikata da layin ku za a nema. In waya ta ɓace, kafin a fara cigiya a sa a rufe layin da asusun, don ɓarawo layin yake so fiye da wayar. Layin da aka jingine watanni masu yawa kuma kamfani na iya sayar wa wani da lambar, alhali tana haɗe da asusunku. Mata su ƙara da wannan: kafin a kai waya gyara ko caji, a cire memori, a sa mata makulli.

Ance-ance

A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. 'Yan'uwa suka riƙa tayar da juna da asuba, don ƙauna. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa ransu, alhali gishiri ba ya maganin Ebola. Ba wanda ya tura saƙon da mugun nufi a cikin waɗanda muka sani, kowa cewa ya yi "an ce".

Yau abin ya fi haka sauƙi. Ana ɗauko tsohon bidiyon rikicin wata ƙasa a ce jiya ne a garin kaza, ana kuma iya haɗa muryar malami ko shugaba da na'ura ta faɗi abin da bai faɗa ba. WhatsApp yakan sa 'yar kibiya a saman saƙon da aka turo daga wani wuri, kibiya biyu in ya yi yawo da yawa. In kun ga haka, ku tambayi wanda ya turo: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In labarin babba ne, ku jira labaran Rediyon Jigawa ko Freedom ko BBC. In na lafiya ne, ku tambayi ma'aikacin asibiti.

Aikin aji da na gida

Ga lissafi. A ce wani magidanci yana biyan naira 100 kuɗin caji kullum, yana sayen datar naira 500 duk mako, yana sa katin naira 1,500 a wata, ana kuma tura masa fim goma a wata kan naira 50 kowanne. In wata kwana 30 ne, mako huɗu, nawa yake kashewa a wata? Nawa ne a shekara? Ku tambayo farashin buhun gero a kasuwar da ta fi kusa da ku, ku faɗi buhu nawa kuɗin zai saya. Bayan haka kowa ya sake lissafin da nasa kuɗin na gaskiya.

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: layi, caji, data, asusu, saƙo, sirri.

Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai kiran damfara, ɗaya mai asusu, mu ji yadda za a rabu.

A gida, kowa ya danna *310# da hannunsa, ya kwafe adadin da ya gani a littafi, ya kuma rubuta saƙon layi ɗaya zuwa ga ɗa ko ƙane da ke nesa, ba na murya ba. Ranar darasi na gaba a zo da waya da cajinta, za mu buɗe saiti tare mu kashe saukar bidiyo ta kai tsaye. Wanda ba shi da waya ya zauna kusa da mai ita.